Mai Cin Wutar Gidanmu

A shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, firigona, wato firij ɗina, shi ne ya ciyar da ni da 'ya'yana huɗu. Ina faɗar haka da ƙarfin murya, domin har yau akwai masu cewa wai sa'a na taka. Ba wata sa'a. Ƙanƙara ce da zoɓo da ruwan tsamiya, da tashi tun kiran assalatu ina dafawa ina ƙullawa a leda.

Gidanmu a Matameye babban gida ne na gado, ɗakuna kewaye da tsakar gida, ga bishiyar dogon yaro a tsakiya. Mai gidan shi ne Alhaji, yayan mijina, ɗan kasuwa mai kai-komo tsakaninmu da Damagaram. Matarsa Hajiya faccalata ce, kuma ban taɓa samun abokiyar dariya kamarta ba. Mijina kuwa, kamar yawancin mazan unguwarmu, da an gama girbi yake ɗaukar jakarsa ya tafi cin rani Kano, inda yake taya wani mai shagon kayan wuta. A waccan shekarar bai jira girbi ba, don babu abin girba. Ya bar ni da gero buhu guda da rabi, da firigon da na saya bayan na sayar da tumakina biyu, ya ce in riƙe gida.

Duk gidan wuta ɗaya muke sha. Kontar, wato mitar da ma'aikatan wuta suka kafa, tana manne a bangon zaure, da wani faifai a cikinta mai juyawa kamar dutsen niƙa. Takardar biya tana zuwa hannun Alhaji, kowane ɗaki ya kawo abin da ya sawwaƙa, shi ya cika. 'Yan lekol, wato 'yan makarantar boko, suna ce mata kuran, amma mu a tsakar gida wuta muke cewa. An kawo wuta, an ɗauke wuta, wane abu yana cin wuta. Ku riƙe kalmar nan, domin a kanta komai ya faru.

Da sanyi ya fara shigowa sai ga Gwaggo a kan amalanken jaki. Ƙanwar mahaifin su Alhaji ce, daga wani ƙauye can bayan Yauri, inda ko sandar wuta ba ta taɓa zuwa ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ya tafi neman abinci, rumbu ya zama wurin kwanan ƙadangaru, awaki an sayar da su ɗaya bayan ɗaya. Ta sauko da ƙunshin kaya, da tabarma, da wani tsohon kasko baƙi ƙirin. Aka ba ta ɗakin ƙarshe, kusa da inda muke ɗaure awaki a da.

Gwaggo ba ta da nauyi ko kaɗan, kuma wannan ne ya dame ni da ita. In an kai mata tuwo sai ta ci rabi ta rufe, ta ce ta ƙoshi, alhali ƙasusuwan wuyanta suna ƙaryata ta. In ta ɗauki tsintsiya Hajiya ta karɓe. In ta jawo faifai za ta tsince tsakuwa a gero, ni in karɓe. Kowa na cewa, "Gwaggo, ki huta, ai kin yi naki." Muna ganin girmamawa muke yi. Alhaji ma da ya ga sanyi na cin gwiwoyinta, sai ya sayo mata rishon wuta a Damagaram, irin mai murɗaɗɗiyar waya da ke yin ja, don ta riƙa ɗumama ruwan alwala da kunu. Da hannunsa ya soka shi a bango, ya nuna mata yadda yake yin ja, ya fito yana jin daɗin kansa. Daga nan kowa ya manta da zancen.

Ana cikin haka sojoji suka karɓi mulki. Mu dai abin da ya canza mana a tsakar gida shi ne rediyo. Aka wayi gari ana ta kiɗan soja, bayan ɗan lokaci aka ji sun fito fili sun ce akwai yunwa a ƙasa. Kafin nan ba a son jin kalmar a bakin ma'aikaci, sai dai a yi ta kewaye-kewaye, kamar cikin mutum ya san bambanci. Tunda aka furta ta, sai kowa ya shiga kallon abin da ke shiga bakin kowa. Tiyar gero ta hau ta ƙi sauka. Mata suka rage hannu a tukunya. Har akuyar maƙwabta in ta leƙo sai an harare ta.

A wannan hali takardar wuta ta zo ta ninka yadda aka saba. Alhaji ya yi shiru ya biya. Ta biyu ta zo haka, ya yi ƙorafi ya biya. Da ta uku ta zo, zafi ya riga ya shigo, kasuwar ƙanƙarata ta buɗe sosai, sai ya sa Hajiya ta kira ni bayan la'asar. Na zo na durƙusa a gefen tabarmarsa.

"Abin nan naki," ya ce, idonsa na kan carbi, domin yayan miji ba ya tsura wa matar ƙaninsa ido, "yini yake yana gurnani kamar raƙumi. Duk gidan nan babu mai girmansa, babu mai ƙararsa. Shi ke cinye wutar nan."

Na ce, "Yaya Alhaji, ai shekararsa biyu a gidan nan, takarda ba ta taɓa yin haka ba."

"Ya tsufa ne. Dabba ma in ta tsufa ci take ba ta ƙiba. Ƙarshen watan nan a cire shi, in mai saye ya samu a sayar."

Na ce to, na tashi. Amma "to" ɗin nan a baki kawai ya tsaya. Na shiga ɗaki raina na tafasa, na dubi firigo, na dubi sauran geron da ke gindin buhu. In aka cire shi, ba ni da abin da zan sa a bakin yara sai abin da Alhaji ya miƙo, kuma shi ma hannunsa ya fara gajarta. Na san kuma inda hukuncinsa ya fito. Mu mutanen kiwo ne, ko da muna zaune a gari. Mun saba cewa babbar saniya ta fi ɗan akuya ci, mai yawan kuka kuma shi ke jin yunwa. Da wannan idon Alhaji ya dubi kayan wutar gidansa, ya ga wanda ya fi kowa jiki da murya, ya yanke masa hukunci.

Ni kuwa na yi lekol har koleji kafin a yi mini aure, kuma a ajinmu babu wanda ya taɓa wuce ni a lissafi, har mazan. Na kira mijina a waya na zazzage masa komai. Ya saurara, ya yi 'yar dariya, ya ce in kwantar da hankalina, akwai wani abu a shagonsu da zai raba gardama. Bayan kwana huɗu direban motar Kano ya miƙo mini ƙunshi a ƙofar gida.

Wani ɗan farin akwati ne, bai kai tafin hannuna biyu ba, da ɗan gilashi mai nuna lamba. Ana soka shi a bango, sannan a soka abin da ake so a auna a jikinsa. Sai dai na Nijeriya ne, ƙafafunsa uku masu kusurwa, mu kuwa ramukan bangonmu biyu ne zagayayyu. Na ji kamar in jefa shi a rijiya. Sai da na je kasuwa wajen mai gyaran rediyo ya haɗa mini da 'yan mahaɗai biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, abin ya zama dogo kamar an yi masa ƙari. Rubutun jikinsa Turancin Ingilishi ne, ban san ko kalma ɗaya ba, amma lamba lamba ce a kowace ƙasa. Mijina ya yi mini bayani a waya: lamba ta farko tana nuna abin da kaya ke ja a wannan lokacin, in na danna maɓalli ta biyu ta nuna jimillar abin da ya ja tun da aka soka shi. Na ce, "Wato girman loma, da abin da ya shiga ciki a yini." Ya ce ko mai shagonsu bai taɓa faɗa daidai haka ba.

Da firigona na fara. Ina sokawa lamba ta yi tsalle, sannan ta sauko ta zauna a ɗari da 'yan kai. Can sai gurnanin ya tsaya, lamba ta koma babu. Ashe yana hutawa. Shekara biyu ina kwana da shi a ɗaki ban taɓa lura cewa ci yake yana ajiye hannu ba. Na bar shi yini da kwana a kan awo, na rubuta abin da ya nuna a bayan wani tsohon littafin yara.

Daga nan na zama abin tsoro a gidan. Hajiya ta sa wa akwatin suna ɗan rahoto. In ta hango ni da shi sai ta ce, "Ku ɓoye kayanku, ga 'yar lekol nan da ɗan rahotonta." Na auna fankarta, loma 'yar ƙarama. Na auna rediyon Alhaji mai cika gida da kiɗan soja, lamba ko motsin kirki ba ta yi ba, abin da yake ci bai kai na ƙwan fitila ba. Telen falonsa kuwa na kama shi yana ɗan lasa ko an kashe shi, muddin wayarsa na bango. Hajiya ta ce dama ta san halin mai shi ne. Amma da na soka dutsen gugarta, lamba ta haura dubu. Ta dafe ƙirji ta ce, "Na shiga uku, wannan ɗan mitsitsin? Ko tari ba ya yi!" Na ce ta kwantar da hankalinta, lomarsa ce babba, amma sau biyu a mako yake zama cin abinci. Ƙwayayen fitila ba su da wayar sokawa, sai na hau kujera na karanta lambar da ke jikin kowanne, na ƙiyasta awoyin da yake yi a kunne.

Abin ya hau mini kai, ba zan ɓoye ba. Ranar Talata muna zaune gindin bishiya, Alhaji na wucewa, na ɗaga murya yadda zai ji, na ce wa Hajiya, "Ranar Juma'a in an sauko masallaci zan faɗi mai cin wutar gidan nan a gaban kowa, ko wane ne, ko na wane ne." Alhaji bai tsaya ba, ya dai ce, "Allah ya kai mu."

Ranar Laraba na haɗa lissafina, sai ya ƙi haɗuwa. Kwana uku ina karanta kontar ta zaure kullum da hantsi, na san abin da gidan ke ci a yini. Na tara na firigo, na fankoki, na fitilu, na tele, na guga, duka ba su kai rabin abin da kontar ke nunawa ba. Na sake tarawa. Na sake. Ni dai na san ba na kuskure a tarawa. Akwai wani baki a gidan da ban gani ba.

Ranar Alhamis da hantsi, bayan Alhaji ya fita kasuwa, na bi ɗaki-ɗaki na sa aka zare komai daga bango, har firigona, aka kashe kowace fitila. Na tafi zaure na ɗaga kai. Faifan nan na ta juyawa abinsa, ko gezau. Nan take na ce maƙwabta ne. Har na fara shirya maganganun da zan gaya wa matar gidan da ke bayanmu, wadda dama ban cika son gaisuwarta ba. Na bi katanga taku-taku ina neman wayar sata, na leƙa bayan banɗaki, na hau turmi na duba kan soro. Babu komai. Allah ya rufa mini asiri ban buɗe baki ba.

Ina saukowa daga turmi idona ya faɗa kan ɗakin ƙarshe. Ban taɓa kawo shi a lissafi ba. Ɗakin tsohuwa ba a faɗa masa haka kawai, daga bakin ƙofa muke gaishe ta mu miƙa kwano. Ita kuma tun da zafi ya shigo a waje take yini, a bakin ƙofa take shimfiɗa tabarmarta ta kwana. Tana zaune a inuwa tana jan carbi.

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ina so in duba fitilar ɗakinki."

Ta ce, "Shiga, ɗiyata. Ki dai yi hankali da wutar."

Ina ɗaga labule zafi ya mare ni kamar na buɗe tanda. A lungu, a kan ƙasa, ga baƙin kaskon nan a kife, an tokare gefensa da ɗan dutse. Ta ƙarƙashinsa wani jan haske na leƙowa. Na sa bakin zane na ɗaga kaskon. Risho ne, wayarsa ta yi jawur, babu tukunya a kai, babu komai. Na kai hannu bango zan zare shi in soka ɗan rahoto, sai na ji muryarta a bayana, da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Kada ki kashe ta!"

Na ce, "Yanzu zan mayar, Gwaggo." Na yi sauri na haɗa, wayar ta sake yin ja, ta sauke ajiyar zuciya. Lamba ta haura dubu ta zauna daram. Na jira ta huta kamar na firigo. Ba ta huta ba.

"Gwaggo, tun yaushe take kunne?"

"Tun ranar da Alhaji ya hura mini ita," ta ce, tana gyara zama a bakin ƙofa, fuskarta cike da jin daɗi. "Ba ta taɓa mutuwa a hannuna ba. Sai in su can sun ɗauke ta, shi ma ina barin wurinta a gyare, in ta dawo ta tarar."

"To me ya sa kike kife ta da kasko?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa ake rufe tulu. "Yo ba ku kuke cewa wuta ta yi tsada ba? Ina jin ku. Wuta a rufe ba ta ci, ɗiyata, barci take. Hurawa ita ke cin itace. Da akwai toka da ita zan sa, amma wannan taku ba ta yin toka, shi ya sa na sa kasko, na bar mata ɗan wurin numfashi." Sannan ta ƙara, "Tun da aka kai ni gidan miji ban taɓa fita da kasko roƙon wuta ba. Matan ƙauyenmu wurina suke zuwa ɗiba da safe. Nan kuwa ba na noma, ba na daka, kun hana ni shara. Na ce to, ko wutar gida na riƙe muku, kada in ci abincinku a banza."

Da farko dariya ce ta taso mini, na danne. Bayanta haushi ya biyo, na tuna yadda aka zagi firigona a kan laifin da bai yi ba. Sannan jikina ya yi sanyi gaba ɗaya, a cikin ɗakin da ke tafasa. Tsohuwar nan ta bar ɗakinta ta koma kwanan waje cikin sauro don ta yi mana tattali. Mu ne muka ƙwace mata tsintsiya da faifai, muka bar ta da wannan.

Ta miƙo wuya tana kallon gilashin. "Me ya ce, abin naki?"

Na ce, "Ya ce wutarki tana da ƙarfi." Ban yi ƙarya ba, amma ban iya haɗa ido da ita ba.

Na mayar da kasko yadda na same shi, na fito. Ga amsa a hannuna, wadda na yi kwanaki ina nema, ga Juma'a gobe, ga bakin da na riga na cika. In na ce Gwaggo ce, firigona ya tsira. Amma matar da ke barin rabin tuwo don kada ta yi nauyi, in ta ji a gaban jama'a cewa ita ta cinye gidan, na san kafin Asabar za ta ɗaure ƙunshinta ta koma rumbun da babu ko ƙwaya. In na yi shiru kuwa, ƙarshen wata saura kwana shida.

Ban yi shiru ba, ni ba mai shiru ba ce. Bayan la'asar na ja Hajiya muka sami Alhaji a zaure. Na durƙusa na faɗa masa komai, har maganar kasko da wurin numfashi. Hajiya ta toshe baki da mayafi, ban sani ba dariya take ko kuka. Alhaji ya daɗe yana kallon faifan da ke juyawa a saman kansa.

Ya ce, "Ni na hura mata." Can ya ce, "To gobe me za ki faɗa? Kin tara mutane."

Na ce, "Gaskiya zan faɗa, Yaya Alhaji. Abin nan kaya yake aunawa, ba ya auna mutum. Rishon kuma ba ita ta sayo shi ba."

A ranar ce kaɗai na taɓa ganin ya ɗago ya dube ni sosai. Ya ce, "'Yar lekol, wato a kaina za ki sauke."

Na ce, "Kai ne babba."

Ranar Juma'a aka taru gindin bishiya, har da matan da ba a gayyata ba. Na tashi da littafina. Na wanke firigona tas, na ce girman jiki ne kawai da surutu. Na ce dutsen gugar Hajiya babbar loma gare shi amma mai azumi ne. Sannan na ce mai cin wutar gidan nan shi ne rishon da Alhaji ya sayo a Damagaram, domin irin wanda ba ya ƙoshi ne, a buɗe ci yake, a rufe ci yake. Alhaji ya tafa hannu ya ce lallai an sayar masa da bala'i, shi da yake ganin ya iya ciniki. Hajiya ta ce shekara nawa tana faɗa masa. Aka yi ta dariya. Ya shiga da kansa ya zaro rishon, ya ce Gwaggo ta yi haƙuri, ba zai bar mata mugun abu a ɗaki ba. Game da firigo bai ce komai ba, kuma a wurin Alhaji wannan shi ne ban haƙuri.

Na ci nasara, na kuma ji daɗinta, ba zan yi ƙaryar tawali'u ba. Amma Gwaggo ba ta yi dariya ba. Da yamma kwanon tuwonta ya dawo ko yatsa ba a sa ba. Washegari ma haka. Na leƙa ta bakin ƙofa na ga ta ninke zannuwanta biyu ta ɗora a kan ƙunshi.

Ranar Lahadi da sassafe na kwashi gawayi kaɗan, na cika kwano da toka daga murhuna, na je na yi sallama. Na ce, "Gwaggo, taimako na zo nema. Kullum da asuba nake dafa zoɓo, hurawa tana cinye mini itace da lokaci, ashana ma ta ƙare mini, sai na yi ta bin mutane. Ko za ki riƙe mini wuta? Ta gaskiya, mai toka."

Ta daɗe tana kallona. Ta sa yatsa a tokar ta murza, ta ce, "Wannan ta kara ce, ba ta riƙe zafi. Nemo ta itace." Na nemo. Ta ce gawayin ma ya yi ƙanana. Na canzo. A yammacin nan kwanon tuwonta ya dawo a wanke.

Tun daga ranar, kullum bayan sallar asuba nakan ɗauki guntun kasko in tsaya a ƙofarta in ce, "Salamu alaikum, Gwaggo, na zo ɗibar wuta." Ta tone toka da tsinke, ga garwashi ja kamar yanzu aka hura, ta zuba mini uku, ba ta taɓa ba ni huɗu ba. Hajiya ta gani ita ma ta fara zuwa. Sai matar gidan baya, wadda na kusa yi wa ƙazafi. Gwaggo ta koma yi mana faɗa, ta ce matan gari ba mu san darajar itace ba. Ta karɓe tsintsiyarta ma, babu wanda ya sake hana ta. Takardar wuta ta dawo yadda aka san ta, firigo ya ci gaba da gurnaninsa, muka ƙetare bazara da ƙanƙara da zoɓo.

Ashana kuwa ina da ita, kwali guda cur. Tunda na ce ta ƙare, ba na iya barin ta a kan kanta inda Gwaggo za ta gani in ta shigo madafa, ga shi ina bukatarta don fitila in an ɗauke wuta. Sai na ƙulle ta a bakin zane na soke a ƙugu, ina yawo da ita. Ina ganin na yi dabarar da babu wanda ya kai ni.

Da ruwa ya sauka sosai, ɗanta ya dawo ya zo ɗaukarta don shuka. Alhaji ya ɗora musu iri da ɗan abinci a amalanke. Ta bi kowa ta yi masa sallama, ni ta bar ni ƙarshe. Ta miƙo mini baƙin kaskon nan, ta ce in riƙe. Sannan ta jawo ni kusa, ta rage murya yadda Hajiya ba za ta ji ba.

"Ɗiyata, yanzu sai ki kwance ashanar nan ki mai da ta kan kanta. Wata uku tana yi mini kacau-kacau a ƙofar ɗaki." Ta ɗan matse hannuna. "Abin awonki ma na san abin da ya ce. Allah ya yi miki albarka."

Na tsaya da kasko a hannu har amalanken ya sha kwana.

Da yamma na gama girki, na tara garwashi, na rufe da tokar itace yadda na ga tana yi, na kife kaskonta, na tokare da dutse. Da asuba na tona na tarar wutar ta mutu murus, ko ɗumi babu. Na ɗauko ashana a kan kanta na ƙyasta, ina kuka.